Dussa mai rahusa, amma yaushe?

Shekara bayan shekara muna jin shela a rediyo cewa za a sayar da abincin bisashe a farashi mai rahusa. Madalla. Amma saniya tana fara ramewa tun watan Afrilu, lokacin da haki ya ƙare a daji, 'yan kasuwa kuma suka ɗaga kuɗin dussa. Idan buhunan ba su iso Dakoro ko Abalak ba sai Yuni, makiyayi ya riga ya karyar da karsanarsa don ya ciyar da sauran.

A ganina, mu tara kuɗi tun da kaka, lokacin da bisashe ke da ƙiba da daraja, mu cika rumbun ƙungiya da harawa da dussa. Hukumomi kuwa, su bar lissafa mana yawan buhuna, su faɗa mana ranar isowa.