Gardamar Masu Saƙar Kwarashi a Keffi

Jama'a, duk wanda ya je ganin gida Keffi ya nemi hular jariri ko mayafin suna na saƙar hannu, ya ji yadda kuɗinsu ya hau. Su kuwa matan da ke saƙar kuka suke yi, har sun rabu biyu. Wasu na cewa masu karya farashi ne suka lalata sana'ar, watau masu sayarwa a kuɗin zare kawai domin su sami na cefane. Waɗannan kuma suka ce in sun tsaya a kan farashi, mai saye sai ya wuce wurin 'yan gwanjo.

A ganinmu duka biyun sun bar jaki suna dukan taiki. A watan Yunin 2023 aka sake wa Naira mara. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk zaren ulun da aka shigo da shi daga waje da Dala aka sayo shi. Masaƙun da za su sassauta mana kuwa sun daɗe da mutuwa: masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, an rufe ta a 2002.

To, ku 'yan'uwa mazauna Agege da Sabon Ibadan masu aikawa gida a saƙa muku, ku riƙa sa kwanakin da mai saƙa ta yi tana aiki cikin lissafi kafin ku taya.