A Yi da Mu Ya Fi a Yi Mana: Malamai da Dokokin Intanet



Duk wanda ya saba shiga Babbar Kasuwar Katsina ya san cewa ciniki ya sauya kama a 'yan shekarun nan. Mai atamfa yana tura hoton kayansa ta WhatsApp zuwa ƙauye, mai hatsi yana jin farashin Dawanau ta waya kafin ya buɗe buhu, masu POS kuma sun zama bankin talaka. Da yawa daga cikin masu wannan hada-hada iyayen ɗalibanmu ne, wasu mazajenmu ne ko matanmu, wasu ma mu ne da kanmu, domin albashin malami ba ya kai wata sai an haɗa da 'yar sana'a. Lokacin da takardun naira suka yi wuya a farkon 2023, kowa ya ga yadda abincin gida ya dogara a kan ko sabis ya kawo ko bai kawo ba.

Haka abin yake a makaranta. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma tun 2021 ba a yi wa ɗalibi rajista sai da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN. Jarrabawar cancantar malamai ta hukumar TRCN a kwamfuta ake zana ta. WAEC ma ta fara jarraba wannan hanya a 2024 da ɗalibai masu zaman kansu. Albashinmu ta waya muke jin shigowarsa. To, tunda rayuwarmu ta rataya a kan wannan igiya, ya kamata mu tambayi kanmu: su wa ke riƙe da ita, a ina ake yanke hukunci a kanta, kuma me ya sa ba a jin muryar malami a wurin?

Mu Katsinawa ba sai an ba mu labarin abin da ke faruwa idan aka tsinke igiyar ba. A watan Satumban 2021, bayan an rufe layukan sadarwa a Jihar Zamfara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka rufe su a ƙananan hukumomi 13 daga cikin 34 na jiharmu, ciki har da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume. Dalilin da aka bayar shi ne hana 'yan bindiga yin magana da masu ba su bayanai. Babu malamin da zai raina wannan dalili, domin ba mu manta daren 11 ga Disamban 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗaruruwan yaranmu daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Amma an shafe wajen wata uku a haka. Shugaban makarantar da ke bakin daji ba shi da hanyar kiran ɗauki. Malamin da aka tura ƙauye ba ya iya jin lafiyar iyalinsa. Ɗan kasuwa sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tura kuɗin kaya ko ya tabbatar an biya shi.

Ko matakin ya yi amfani ko bai yi ba, magana ce da masana tsaro za su ci gaba da tattaunawa. Abin da ya shafe mu shi ne yadda aka ɗauke shi. Hukunci irin wannan, mai taɓa miliyoyin mutane, ya kamata a ce akwai ƙa'ida bayyananna a kansa: wa ke da ikon ba da umarni, kwana nawa zai ɗauka, wa zai sake duba shi, kuma wane tanadi za a yi wa asibitoci da makarantu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya buɗe baki mai gyara zai sani.

Akwai waɗanda suka daɗe suna buɗe baki a kan waɗannan al'amura, wato ƙungiyoyin farar hula waɗanda ba riba suke nema ba, kuma yana da kyau mu san abin da suka yi. A 2019 Sanata Muhammad Sani Musa na Neja ta Gabas ya gabatar da ƙudirin dokar da aka fi sani da dokar kafofin sada zumunta, wadda za ta ba hukuma damar ɗaure mutum a kan abin da ta kira labarin ƙarya, har ma da toshe hanyar intanet. Da Majalisar Dattawa ta yi zaman jin ra'ayin jama'a a watan Maris na 2020, ƙungiyoyin farar hula da na 'yan jarida suka je da takardunsu a rubuce, suka bi ƙudirin sashe-sashe suna nuna illarsa. Bai zama doka ba.

A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba ta buɗe shi ba sai 13 ga Janairun 2022. Ƙungiyar SERAP da wasu takwarorinta suka kai ƙara Kotun ECOWAS, a watan Yulin 2022 kuma kotun ta yanke hukuncin cewa dakatarwar ta saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. Haka nan sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar hukuma da shi, an yi ta kai ƙararsa ana matsa wa majalisa lamba har aka yi masa kwaskwarima a Fabrairun 2024, ko da yake har yanzu ana kukan yadda ake amfani da dokar.

Ba kullum ake cin nasara ba. Ƙungiyar Paradigm Initiative, wadda 'Gbenga Sesan ke jagoranta, ta shafe shekaru tana bin ƙudirin dokar 'yancin masu amfani da intanet, majalisun tarayya biyu suka amince da shi, amma a Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙi sa hannu, yana cewa ƙudirin ya tattaro batutuwa da yawa bai zurfafa a ko ɗaya ba. Duk da haka ba a yi asarar wahalar ba, domin ɗaya daga cikin batutuwan, wato kare bayanan sirri na jama'a, ya samu doka tasa a Yunin 2023, tare da hukumar da za ta kula da aiwatar da ita. A nan kusa da mu, cibiyar CITAD ta Kano, ƙarƙashin Malam Y. Z. Ya'u, ta daɗe tana fafutukar a samar da tsarin da zai ba al'ummomin karkara damar kafa hanyoyin sadarwarsu da kansu a wuraren da kamfanoni ba su ga riba ba, tana kuma jan hankali kan yadda aka bar mata a baya wajen amfani da intanet.

Darasin da ke cikin waɗannan misalai guda ne: doka ba daga sama take faɗowa ba. Wani ne ke rubuta ta, wani ke kai wa ɗan majalisa hujja, wani ke zama a zauren sauraro ranar da aka kira jama'a. Wannan aiki shi ake kira kamun ƙafa. Mun san kalmar ta yi ƙaurin suna, domin da an ambace ta sai a tuna da neman muƙami ta bayan gida. Amma kamun ƙafar da ake yi da rana tsaka, da takarda mai ɗauke da sunan ƙungiya da hujjar da kowa zai iya karantawa, aiki ne na halal, kuma ƙungiyarmu ta NUT, tun kafuwarta a 1931, a kansa take. Dokar 2022 da ta kai shekarun ritayar malami zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki, da irin wannan naci aka same ta.

Kamfanonin sadarwa sun san wannan sarai, shi ya sa suke da ƙungiyoyinsu da lauyoyinsu masu bibiyar duk wani zama na Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC. Sun nemi a ninka kuɗin kira da na data, a Janairun 2025 kuma hukumar ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100. Uwar ƙungiyarmu ta NLC ta tashi haiƙan, ta sa ranar 4 ga Fabrairu don zanga-zanga, sannan ta janye bayan zama da gwamnati. Ta yi abin da ya kamata, sai dai a lokacin alƙalami ya riga ya bushe. Da zafi-zafi ake bugun ƙarfe.

Wasu daga cikinmu za su ce waɗannan ƙungiyoyi da kuɗin ƙasashen waje suke aiki, don haka akwai wata manufa a ƙasa. Tambaya ce mai kyau, kuma gaskiya ne da yawansu daga gidauniyoyin Turai da Amurka suke samun tallafi. Maganin wannan shi ne mu tambaye su su wa ke ba su kuɗi, mu haɗa hannu da su a kan batun da muka yarda da shi, mu rabu da su a inda muka saɓa. Ƙungiyar da ke Legas ko Abuja tana da lauyoyi da sanin hanyoyin majalisa, mu kuma muna da abin da ba ta da shi: malami a kowace gunduma, wanda ya san makarantar da ba ta da wuta da ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis. Wasu kuma za su ce malamin da ke koyar da aji mai cunkoso, babu benci babu alli, ina shi ina maganar intanet? Amsa ita ce yaron da ke zaune a ƙasa a wannan aji shi ne za a zaunar gaban kwamfuta ranar jarrabawa, a auna shi da ɗan birnin da ya tashi da ita a hannu.

Saboda haka muna ba shugabannin reshe shawarwari huɗu.

Na farko, a kafa ƙaramin kwamiti daga cikin malaman kwamfuta da masu sha'awa, wanda zai riƙa bibiyar sanarwar NCC da ta majalisu, ya rubuta matsayar malamai duk lokacin da aka nemi ra'ayin jama'a, ya kuma fassara muhimman batutuwa zuwa Hausa domin iyaye.

Na biyu, a tattara shaidar abin da rufe layukan 2021 ya jawo wa makarantu daga bakin malaman da suka zauna a cikinsa, a miƙa wa 'yan majalisarmu na jiha da na tarayya, tare da buƙatar a yi ƙa'idar da za ta iyakance wa'adin irin wannan mataki, ta kuma tanadi hanyar kiran gaggawa ga makarantu.

Na uku, a bi sawun asusun USPF, wanda dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin kai sadarwa inda ba ta kai ba, wanda kuma yake gina cibiyoyin kwamfuta a makarantu. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba mu damar tambaya a rubuce, ta kuma wajabta wa hukuma amsawa cikin kwana bakwai. Mu tambayi makarantu nawa aka yi wa a Jihar Katsina, sannan mu je mu gani da idonmu ko suna aiki.

Na huɗu, mu fara gyara daga gida. Sunayen ɗalibai, hotunansu, lambobinsu na NIN da sakamakonsu suna ratsawa ta hannunmu kullum, wani lokaci a wayoyinmu, wani lokaci a shagon kwamfuta na cikin kasuwa. Dokar 2023 ta buƙaci yardar iyaye ko masu riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro. Amana ce, kuma ƙungiyar da ke kiyaye ta ita ce za ta iya ɗaga kai ta nemi gwamnati da kamfanoni su kiyaye.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne mutum biyar ko shida masu haƙurin karanta takarda da bin al'amari har ƙarshensa, kuma wannan shi ne sana'armu. Muna roƙon a sa wannan batu cikin ajandar taron reshe mai zuwa, kowane wakilin makaranta kuma ya zo da bayanin halin da makarantarsa ke ciki game da wuta, sabis da kwamfuta. Allah Ya yi mana jagora, Ya ba jiharmu zaman lafiya.