Mutanen Jigawa, Zaman 'Yan Kallo Ya Isa Haka

Jama'ar Dutse, jama'ar Kiyawa da Jahun da Miga da Birnin Kudu, ku ba ni aron kunnuwanku. Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da gwamnatin Janar Babangida ta yanke mu daga Kano, mun samu gwamnanmu da majalisarmu, mun samu jami'ar tarayya a Dutse a 2011, har filin jirgin sama muna da shi. Amma labarinmu, har gobe wasu ne ke tsara mana shi, mu kuwa mu sayi data mu zauna kallo.

Kowa ya duba wayarsa ya faɗi gaskiya. Shirin Labarina ne a ciki, ko Izzar So, ko Daɗin Kowa da Kwana Casa'in na Arewa24, sai finafinan Indiya masu fassara. Ba ƙyashi nake yi ba. Tun fim ɗin Turmin Danya a 1990 mutanen Kano ke shan wahalar sana'ar fim, sun sha zagi, sun sha asara, kuma sun cancanci abin da suka samu. Damuwata ita ce irin fuskar da ake ba mu idan an ga dama an sako mu. A yawancin finafinan nan, mutumin kirki yana zaune a falo mai sanyi, yana Kananci, motarsa na ƙofar gida. Shi kuwa mutumin karkara sai ya shigo da hula a karkace, baki buɗe, fanka ma ta ruɗa shi. Bafulatani ba ya fitowa sai don a yi wa Hausarsa dariya. To wa ake yi wa dariyar? Mu ne, wallahi! Jihar manoma da makiyaya ce tamu. Yaron da ya tashi a Sakwaya ko Kudai yana ƙyaƙyata dariya tare da kowa, sannan a hankali ya fara jin kunyar yadda mahaifinsa ke magana.

Kuma kada wani ya ce ba mu da abin nunawa. A Birnin Kudu akwai zanen shanu a jikin duwatsu, irin na Dutsen Habude, wanda masana suka daɗe suna zuwa nazarinsa. Ga Garu, tsohon garin Dutse, a tsakiyar duwatsun da babu mai kuɗin da zai iya gina irinsu don fim. Ga Sarki Buhari na Haɗeja da ya yi shekaru yana ja da Sakkwato. Ga Sarki Muhammadu Mai Shahada da ya ƙi miƙa wuya ga Turawa a 1906 har ya kwanta dama a fagen yaƙi. Da Turkiyya ke da waɗannan mutane, da yanzu muna nan muna kallon zango na biyar na fim ɗinsu da fassarar Hausa. Ku je Maigatari ranar Alhamis ku ga Buzaye da Fulani da fatake daga Kudu suna cinikin shanu da raƙuma a bakin iyakar Nijar. Ku je fadamun Haɗeja wajen masunta, ku saurari Mangawa da Badawa. Masarautu biyar gare mu, ƙananan hukumomi 27, amma a allo duk an mai da mu mutum ɗaya mai ɗaure da buhu a ka. Harshen Auyakawa ya riga ya mutu. Haɗejanci muke jira ya bi shi?

Haka abin yake a fannin labarai. Da ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje, da kuma lokacin da tankar mai ta fashe a Majiya a watan Oktoban 2024 ta hallaka mutum sama da 150, manyan kafofin duniya sun ambaci Jigawa. Sun ƙidaya gawarwaki, kwana biyu suka koma wani labarin, ai haka aikinsu yake. Komawa bayan shekara a tambayi marayu yadda suke ci da sha, a tambayi inda kayan tallafi suka shiga, wannan namu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Don haka nake kira. JTV, NTA Dutse, Rediyo Jigawa da Freedom ta Dutse, ku ware lokaci mai tsoka a kowane mako, a daidai sa'ar da iyali ke zaune bayan Isha'i, ga wasan kwaikwayo da shirin gaskiya da 'ya'yan jihar nan suka shirya. Ba shirin yabon masu mulki muke nema ba, wannan mun ƙoshi. 'Yan majalisarmu, ku sa kuɗin shirye-shirye a kasafi, ku kuma bi sawunsu.

Ɗalibai na jami'a da na kwalejin fasaha, wayar da kuke rawar TikTok da ita ta isa ɗaukar hira da tsohuwar da ta san waƙoƙin daɓe da na niƙa. Ku hanzarta, waɗannan tsofaffi ba jiran mu suke ba. Sai dai don Allah kada ku hau duwatsun Dutse ku yi mana rawar Indiya ku ce fim ɗin Jigawa ne. 'Yan uwana mata marubuta, ku da kuka cika wayoyi da littattafan soyayya, ku rubuta mana matar da ke sussukar riɗi, da yarinyar da ke tallar nono tana son komawa aji.

Iyayenmu malamai, idan kun ga ɓarna ku tsawatar, haƙƙinku ne. Amma idan yaro ya yi shiri mai tsafta, ku sa masa albarka a bainar jama'a kamar yadda kuke tsawatarwa a bainar jama'a.

Alhazan kasuwar Shuwarin da dillalan riɗi da zoɓo da dabino, ku ba shirye-shiryen gida talla. Mu kuma masu kallo, mu daina karɓar aikin 'ya'yanmu wajen masu turin finafinai a waya a kan 'yan canji. Mu shiga tashar mai shirin a YouTube mu kalla a can, mu tura wa 'yan uwa na Kano da Abuja da Legas, kuma ranar da aka sake mai da baƙauye abin dariya, mu rubuta wa mai fim ɗin cewa ba mu yarda ba.