A Ɗaure Kare Kafin A Ta Da Mota

Da zarar an kawar da amfanin gona, ciyawa ta bushe, sai gangar farauta ta fara tashi a ƙauyukan ƙasar Batsari da Safana, kamar yadda take tashi a sauran ƙasar Hausa. A da, maharbi da karensa a ƙasa suke tafiya, domin Dajin Rugu yana bayan gida. Yanzu kuwa, tun da ɓarayin daji suka mai da wannan daji mafakarsu, mai son farauta sai ya nemi wani dajin mai nisa, nisa kuwa sai da mota. Wannan shi ya sa ake ganin a-kori-kura cike da samari da gorori da adduna, ga karnuka a tsakaninsu ba igiya ba sarƙa, wani ma ya ɗora ƙafafunsa bisa bakin bodi yana shan iska. Wani kuma a kan tankin babur yake ɗora nasa, ya riƙe kan babur da hannu ɗaya, ya tallafi kare da ɗayan.

Mai yiwuwa wani ya ce, mutanen da ke fama da satar shanu da garkuwa da mutane, ina ruwansu da zancen kare? Gaskiya ne akwai abin da ya fi wannan ciwo. Amma fa wanda Allah ya tsirar daga bindigar ɗan fashi, bai kamata ya je ya halaka a kan hanyar Katsina zuwa Batsari, ko ta Dutsin-Ma zuwa Safana, saboda kare ya faɗo wa direba a kan sitiyari ba. Kuma wannan gyara ne da ba ya bukatar soja ko kasafin kuɗi.

Ɗaliban da suka karanta kimiyya sun san lissafin. Duk abin da ke cikin mota yana gudu ne daidai da gudun motar. Idan direba ya taka burki da ƙarfi, ko ya yi karo, motar ce ke tsayawa, abin da ba a ɗaure ba sai ya ci gaba da tafiya. Karo a gudun kilomita 50 cikin awa daidai yake da faɗowa daga tsawon mita 10, watau kamar daga saman bene mai hawa uku. In gudun ya kai kilomita 80, tsawon ya zama mita 25. To, a ɗauki kare mai nauyin kilo 20, a jefo shi daga wannan tsawo bisa ƙeyar mutum, me ake tsammani? Ba sai an yi karo ba ma. Kare ya hango zomo ko akuya a gefen hanya, ya yi tsalle ya dira, mai babur da ke biye ya kauce, shi ke nan an samu karaya ko gawa.

Ingila, inda kare ke kwana a ɗaki ɗaya da ubangidansa, ba ta bar wannan ga son ran kowa ba. Ƙa'ida ta 57 cikin littafin dokokin hanyarsu ta ce lalle a tsare kare ko wata dabba a cikin mota yadda ba za ta ɗauke hankalin direba ba, ba kuma za ta ji ciwo ko ta ji wa wani ba idan an tsaya ba shiri. Mu a nan, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha wahala kafin ta saba wa direbobi ɗaura bel, har yau ma da saura. Karen mota mai ƙafa biyu yana nan yana lilo a bayan bodi, balle mai ƙafa huɗu.

Hatsari na biyu ya fi na farko muni, domin shi ba a ganinsa sai ya nuna. Karen da aka cusa cikin baƙin mutane da baƙin karnuka, ga zafi ga ƙarar inji, a tsorace yake, kare mai tsoro kuwa cizo yake yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar haukan kare tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cuta ce da in alamunta suka bayyana, sai dai a yi haƙuri. Alhali kuwa tun 1885 Louis Pasteur ya gwada allurarta a Faransa, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kuma, wadda aka kafa a 1924, tana yin ta karnuka. Motar da ke kwasar karnuka marasa allura daga wannan ƙaramar hukuma zuwa waccan, har da na fatake masu kai su kasuwar Dawaki a Jihar Filato, tana iya kai cutar cikin yini guda inda kare da ƙafarsa ba zai kai ta ba cikin wata.

Ɗaurin ma yana da ƙa'ida. Igiya a wuya, doguwa, ta fi rashin ɗauri sharri, gama in kare ya yi tsalle sai ya rataye a jikin mota, ko a ja shi a kwalta. A ƙirji da hammata ake zagaya ɗauri, a gajarta shi yadda ba zai kai bakin bodi ba. Abin da ya fi shi ne keji na rodi, wanda kowane mai walda a Batsari zai iya haɗawa, a ɗaure kejin kansa da jikin mota, a shimfiɗa buhu a ƙasa, a rufa masa inuwa. Kare ba ya gumi kamar mutum, da haki yake rage zafi, saboda haka ƙarfen bodi a watan Afrilu azaba ce gare shi, sai ana tsayawa ana ba shi ruwa. Malamanmu sun sha karanta mana hadisin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare, Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarriyar dabba ta kamo. Dabbar da shari'a ta yarda da aikinta, tana da hakki a kan mai ita.

Ba sabon abu ba ne hukuma ta sa baki cikin lodi. A 2021 gwamnatin Jihar Katsina, saboda tsaro, ta hana goyon mutum uku a babur, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da na Batsari da Safana. Wannan da muke nema bai kai rabin wancan nauyi ba, kuma ba ta hannun ɗan sanda zai fi tafiya ba. Mafarauta suna da shugabanni da suke jin maganarsu. Idan Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana suka tara sarakunan farauta da shugabannin direbobi na tasha, aka yi magana ɗaya cewa ba motar da za ta tashi da kare sake, za a bi. Malaman dabbobi na ƙananan hukumomin biyu kuma su zo wurin taron da allura a cikin sanyi, kafin kaka ta wuce, a yi wa kowane kare, a ba mai shi takarda. Su kuma sanar da jama'a cewa wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, sa'an nan ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya jiran ganin ko karen zai haukace.