Shaihu Umar Ba Tsohon Labari Ba Ne a Yauri

Duba wayar ɗaliban sakandare a Yelwa, musamman 'yan mata, da wuya ka rasa littafin Hausa da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp. Masu cewa yaran yanzu ba sa karatu ba su leƙa ba ne. Ana karatu, har tsakar dare ma. Damuwata da yawancin littattafan nan ita ce inda suke tsayawa: da an ɗaura aure, an kai amarya gidan mai kuɗi a Abuja, shi ke nan labari ya ƙare. Sai ka ce girma ba komai ba ne illa lefe da walima.

Akwai labarin da ɗan shekara 15 ya fi buƙata, wato labarin tasowa: yaro ya shiga wani hali, duniya ta juya shi, ya fito ba yadda ya shiga ba. Muna da irinsa da Hausa tun 1934, lokacin da aka buga Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An sace Umar yana ƙarami, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi daga Kano ya kai shi ƙasar Masar, can ya yi karatu har ya zama malami. Uwarsa ta bi sawunsa, ita ma aka bautar da ita, ba su haɗu ba sai dab da rasuwarta.

A wani wuri ana iya karanta wannan a ce tarihi ne. A Yauri fa? Ranar 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai, wasu daga cikin 'yan matan sai a 2023 suka dawo gida. Yaran da ke aji yau sun ga iyaye mata suna jira da idonsu. Don haka malamin da ya buɗe littafin nan ya tsaya kan "lissafa sunayen taurari biyar", wallahi ya yi asarar darasi. Tambayar da ke cin yaran ita ce: wanda aka raba da gida, ya dawo wani mutum daban, yaya ake karɓarsa? Wa ke da laifi in ya kasa komawa yadda yake da?

Wasu iyaye za su ce a bar kaza cikin gashinta, kada a fama wa yara rauni. Na fahimce su. Amma yaran nan suna ganin bidiyon 'yan bindiga a TikTok ba tare da kowa ya zauna da su ba. Littafi aƙalla yana ba su damar yin magana a kan Umar, ba sai sun ambaci sunan 'yar unguwarsu ba. Kuma ba dole su yarda da marubucin ba. Ni dai haƙurin Umar ya yi mini yawa, kuma yadda aka wanke Abdulkarim, alhali cikin harkar bayi ya same shi, abin a yi gardama ne a aji. A bar su su yi.

'Yan mata kuma a haɗa musu da Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, inda aka cire Abu daga makaranta aka yi mata auren dole, daga baya ta koma karatu. Maza ma su karanta, ba zai rage su da komai ba.

Sai dai duk cikinsu babu mai ƙamshin kogi. Ina labarin yaron da ya koyi tuƙin kwalekwale kafin ya iya rubuta sunansa, yana shirin Rigata jarrabawa na tafe? Ina na wanda ya bar aji ya tafi haƙar zinariya? Babban labarin tasowa na wannan yanki ma yana zaune a ƙofar gida. Da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye garuruwa da tsibirai, aka tashi dubban mutane, cikinsu har da Gungawa, aka kai su sababbin matsugunai. Wanda yake da shekara 15 a lokacin, ya ga gidansu ya nutse, yanzu ya haura 70. Suna nan a Yauri da Ngaski da Shanga, kuma kullum raguwa suke yi.

Ku masu rubuta shafi talatin a mako a WhatsApp, wayar da kuke bugawa da ita tana ɗaukar murya. Hutun nan mai zuwa, a je gaida kaka, a tambaye ta ranar da suka kwashe kaya, da abin da ta bari a baya.