SHARHI: Me ya sa wutar Sakkwato ke rataye da layi guda?

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ma'aunin salsiyos, ƙarancin lantarki a birnin Sakkwato yakan zama barazana ga lafiya da abinci. Fanka ta tsaya, ruwan famfo ya yi ƙasa saboda injinan turo shi na buƙatar wuta, ƙanƙara ta yi tsada, mai walda da tela da mai injin niƙa su zauna jiran abin da ba su san lokacin zuwansa ba. Mazauna Mabera da Runjin Sambo da Gidan Igwai sun saba ɗora laifin a kan "'yan NEPA". Amma tushen matsalar ya wuce ofishin da ke kawo takardar kuɗin wuta: yana cikin yadda aka haɗa birnin da babban layin ƙasa tun farko.

Mafi yawan wutar da Sakkwato ke sha tana tasowa ne daga Kainji ta kan layi mai ƙarfin kilobolt 330 zuwa Birnin Kebbi, daga can kuma a rage ta zuwa 132 kafin ta iso birnin. Duk abin da ya sami wannan hanya ya sami Sakkwato. A watan Satumbar 2023 gobara ta ƙone manyan taransfoma a tashar Birnin Kebbi, jihohin Kebbi da Sakkwato da wani sashe na Zamfara suka shiga duhu. A watan Mayun 2025 kuma iska ta kayar da turakun layin Kainji zuwa Birnin Kebbi, aka sake komawa gidan jiya. Birnin da ke da jami'o'i da asibitin koyarwa da manyan kasuwanni ba shi da wata ƙaƙƙarfar hanya ta biyu da za ta ɗauki nauyinsa idan ta farko ta yanke.

Ko da layin yana lafiya, abin da ke bi ta kansa kaɗan ne. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat 4,000 zuwa 5,000 ne a yawancin ranaku. Kason kamfanin Kaduna Electric, wanda ya karɓi rarraba wuta a Disambar 2014 bayan sayar da kadarorin PHCN, bai wuce kashi 8 cikin 100 ba, kuma jihohi huɗu ne ke raba shi: Kaduna, Kebbi, Sakkwato da Zamfara. Shi kansa kamfanin cikin bashi yake. A Janairun 2024 hukumar NERC ta rushe hukumar daraktocinsa bisa bashin da ya kai kimanin naira biliyan 110. Kamfanin da bai iya biyan kuɗin wutar da ya karɓa da wuya ya sami na sayen sabbin taransfoma da mitoci, shi ya sa unguwanni ke haɗa karo-karo su gyara kayan da ba mallakinsu ba.

Gwamnatin jiha ta daɗe da gane wannan rauni. A 2008 gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta ba da kwangilar gina tashar lantarki mai zaman kanta mai ƙarfin megawat 38, a kan naira biliyan 3.8 a farko. Wamakko ya kammala wa'adinsa a 2015, Aminu Waziri Tambuwal ya yi shekara takwas, Ahmed Aliyu ya hau a 2023. Fiye da shekara 15 bayan sa hannu, tashar ba ta zama abin da birnin ke dogaro da shi ba.

An fi yin magana a kan jinkirin aikin da kuɗin da ya lanƙwame, amma tambaya mafi nauyi ita ce ta makamashi. Babu bututun iskar gas da ya iso Sakkwato. Ko bututun AKK da ake shimfiɗawa daga Ajaokuta a Kano zai tsaya. Abin da ya rage shi ne man da za a yi dakonsa a tanka daga nesa. Lissafin ba shi da wuya. Injin dizal yakan sha aƙalla rubu'in lita kafin ya samar da yunit ɗaya. Tashar megawat 38 da ke aiki dare da rana za ta samar da yunit 912,000 a kullum, wato lita fiye da 200,000, kimanin tanka bakwai masu ɗaukar lita 33,000. Idan lita ta haura naira 1,000, kuɗin mai kaɗai ya wuce naira 250 a kan kowane yunit, sama da naira 225 da NERC ta yanka wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024. Ke nan ko da an kammala tashar gobe, sai an faɗa wa jama'a wanda zai cike giɓin: baitulmalin jiha ko aljihun mai amfani da wuta.

Kafin a sami amsa, masu hali sun riga sun fice daga layin. Kamfanin siminti na BUA da ke Kalambaina yana samar da wutarsa da kansa. Gidajen masu kuɗi da bankuna da manyan shaguna sun koma sola da batura. Waɗanda aka bari su ne masu ƙaramin janareta, waɗanda cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya sa litar da suke saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ficewar manyan masu biya tana ƙara rage kuɗin shigar kamfanin rarrabawa, tsarin rukuni kuma yana tura ɗan abin da ke akwai zuwa layukan da suka fi biya. A ƙarshe talaka ne ke sayen yunit mafi tsada, ta hanyar fetur da cajin waya a shago da ruwan 'yan ga-ruwa.

Abin mamaki, ranar da ke gasa birnin ita ce arzikin makamashinsa mafi girma. Sakkwato na cikin sassan Najeriya da suka fi samun hasken rana, kuma tun 1982 akwai Cibiyar Binciken Makamashi a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke aiki a kansa. Doka ma ta daina zama uzuri: gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yunin 2023 sun bai wa jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar sa ido ta kansu. Sola ba ta aiki da dare sai da batura masu tsada, amma buƙatar kasuwa da injinan ruwa da bita da makarantu da rana take, daidai lokacin da zafi ya fi tsananta.

Saboda haka akwai abubuwa uku da ya dace Majalisar Dokokin Jiha da 'yan majalisar tarayya daga Sakkwato su nema a bainar jama'a. Na farko, cikakken lissafin abin da aka kashe wa tashar megawat 38 tun 2008, da irin man da za ta sha, da farashin yunit ɗinta. Na biyu, takamaiman lokaci daga kamfanin TCN na samar wa birnin layi na biyu mai ƙarfi. Na uku, tsarin sanya sola a tashoshin ruwa da asibitoci da kasuwanni kafin bazara mai zuwa. Muddin ba a amsa waɗannan ba, guguwa ɗaya a dajin da ke tsakanin Kainji da Birnin Kebbi ta isa ta sake tsayar da sana'o'in birnin na kwanaki.