A Bar Wa Inji Numfashinsa



Yau gareji muka nufa. A ƙasar Bagudo, daga cikin gari har Ka'oje, Illo, Lolo da Tsamiya, kamar sauran wurare a Arewa, akwai wata magana da ta zauna daram a bakin makanikai da yawa. Duk abin da suka tarar a jikin inji ya dame su, sai su ce, "Alhaji, wannan na Turawa ne, saboda sanyin ƙasarsu aka sa shi," su fizge su jefar. Da wannan magana aka raba motoci masu yawa da abin daidaita zafin ruwan inji, da ita aka farfasa matatar hayaƙi ta cikin salansa wadda ake kira indomi. Wanda ake cirewa ba tare da mai mota ya ma sani ba shi ne tiyon numfashin inji da ɗan bawul ɗinsa, wanda littattafan mota ke rubutawa PCV. Matsayinmu a kansa a fili yake: cire shi ɓarna ce, kuma mai mota ke biyan kuɗinta.

Bari mu fara da aikinsa. Duk lokacin da fetur ya kama da wuta a saman fistin, wani ɓangare na hayaƙin yakan sulale ta gefen ringi ya gangara ƙasa, inda baƙin mai yake kwance. Ko sabon inji yana yin haka, tsoho kuwa ya fi. A cikin wannan hayaƙi akwai fetur da bai ƙone ba, akwai tururin ruwa, akwai iskar da ke zama guba ga mai. Idan ya zauna a ciki sai ya tsinka man, ya mayar da shi baƙin kunu mai toshe hanyoyi, ya kuma cika cikin injin da matsi. Tiyon nan shi ke zuƙo hayaƙin ya mayar da shi inda inji ke shaƙar iska, a sake ƙona shi. Wani tiyon kuma yana shigo da tsabtatacciyar iska daga matatar iska ta maye gurbinsa. Bawul ɗin shi ke auna yawan abin da zai wuce.

To ina sanyi a nan? Tarihin abin ma ya ƙaryata zancen. Tsofaffin motoci wani bututu gare su da ke leƙe ƙasa, iskar gudu ce ke janye hayaƙin ta watsar a titi. Da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Angeles, bincike ya nuna cewa fetur ɗin da bai ƙone ba na cikin masu laifi. A 1961 aka fara sa wannan bawul a sababbin motocin da ake sayarwa a jihar Kalifoniya, cikin 'yan shekaru ya game Amurka, sauran ƙasashe suka bi. Kudancin Kalifoniya ƙasar rana ce. Don tsabtar iska aka yi shi, sannan aka ga yana tsawaita ran mai da na inji.

Makanike yana da tasa hujjar, kuma ya kamata mu saurare ta da adalci. Zai ce maka tiyon yana kwaso mai ya zuba a matatar iska, filogi na jiƙewa, mota na hayaƙi. Gaskiya ne ana ganin haka. Amma me ya jawo? Ko dai bawul ɗin ya toshe ko ya maƙale, ko kuma ringi sun cinye har hayaƙin ya fi ƙarfin tiyon. Ke nan tiyon ɗan aike ne, ya kawo labarin ciwon da ke ciki. Wanda ya cire shi ya bar jaki yana dukan taiki. Zai kuma ce tsofaffin manyan motoci sun yi shekaru da buɗaɗɗen bututu ba su mutu ba. Shi wancan bututu sai mota tana gudu yake aiki. Motar da ke rarrafe a ramuka da yashi da lodin shinkafa ko albasa, ko ta tsaya a shingen bincike inji na kunne, wace iskar gudu za ta janye mata hayaƙi?

Hanya uku ake bi wajen cirewar, kowacce da nata sharrin. Wani ya cusa ƙusa ko ɗan icce ya toshe ramin. Matsi ya rasa mafita, sai ya nemi wuri mafi rauni, ya turo mai ta gasket da robobin da ke riƙe mai, har sandar auna mai ta riƙa ɗagowa. Wani ya bar tiyon yana reto. Babu sauran mai zuƙo hayaƙin, ga ƙofa a buɗe ga ƙurar hunturu da ruwan damina, a ƙasar da kogin Kwara ya ratsa, fadama ko'ina, ga wari na shiga wa fasinja. Na uku ya fi muni: a bar ramin ɓangaren shaƙar iska a buɗe. Inji ya riƙa jan iskar da ba a auna ba, ba a tace ba, silo ya rikice, ƙura ta wuce kai tsaye ta goge ringin da dama ake kuka da su. Garin neman gira an rasa ido.

Gyaran gaskiya ba shi da wuya. A mafi yawan motoci ana zare bawul ɗin a girgiza, mai lafiya yakan yi ƙara. Idan ya yi shiru, a wanke ko a sake. Wasu motocin Jamus faifan roba ne a ciki, idan ya yage sai sabo. Tiyon da ya tsage a canza shi da wanda ke jure mai. Idan kuma an buɗe murfin zuba mai inji na aiki aka ga hayaƙi na bugowa da ƙarfi, to a gaya wa mai mota gaskiya, aikin ringi ya zo.

Me ya sa muka ɗauki abin da zafi? Saboda mota a bakin iyaka jari ce. Ita ke kai kaya kasuwannin Segbana da Malanbil, ita ke kai mai naƙuda asibiti. A Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, motocin Kwatano suka yi wuya. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin. A Mayun 2023 aka janye tallafin fetur, Naira ta faɗi, kuɗin kayan gyara ya haura. Yau idan inji ya buga, direba da yawa ba su sake tashi. Ɗan bawul ɗin da bai kai tsawon yatsa ba yana cikin masu tsare wannan jari.

Nan maganar ta dawo kanmu. Yaron gareji ya koyi sana'a da ido da kunne, abin da maigidansa ya faɗa shi ne karatunsa. Bayanin da zai gyara masa fahimta yana kulle cikin Turanci da Faransanci. Wa zai buɗe masa, in ba masu alƙalami ba? A 1949 Rupert East da Abubakar Imam sun fitar da Ikon Allah, littafin kimiyya da Hausa tsantsa. Babu mai iya cewa harshen ya gaza. Labaran da ake rubutawa yanzu cike suke da motocin alfarma a ƙofar gidan budurwa, amma da wuya ka ga an buɗe bonet.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya je garejin unguwarsu, ya gaida maigidan da ladabi, ya tambayi sunan da suke kiran tiyon nan da dalilin da ya sa ake cire shi. A rubuto bayaninsa a shafi ɗaya, da Hausar da yaron gareji zai karanta ya gane, a kuma kai masa ya ji. Idan ya ce bai gane ba, a sake rubutawa.

Allah Ya tsare matafiya, Ya sa albarka a sana'ar kowa.